Wa Ya Tsara Abin da 'Ya'yanmu ke Karantawa a Firamare?



Duk uban da ya taɓa karɓar katin sakamakon ɗansa na firamare ya san yadda yake: darussa a jere tun daga sama har ƙasa, goma sha wani abu, kowanne da makinsa. Yawancinmu abin da muke dubawa shi ne yaro ya zo na nawa, sai mu ninke takarda mu sa a aljihu. To amma darussan nan ba daga sama suka faɗo ba. Kowanne akwai wanda ya shigar da shi, akwai shekarar da aka shigar da shi, akwai kuma abin da mai shigarwar yake nema. Wani an cire shi an dawo da shi, wani an haɗe shi da ɗan uwansa an sake rabawa. Akwai kuma wanda mu Hausawan Kurmi ya fi shafa, shi ne kuwa ba ya kan katin.

Kafin boko ya zo muna da namu tsarin, kuma tsari ne mai hawa-hawa. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya koyi haɗa baƙi, ya yi ta wanke allo har ya sauke. Wanda zai ci gaba ya koma zaure: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, in Allah ya ja kwana ya kai Askari da Muhtasar, a gefe ga Ishiriniya ga Ajurumiya ta nahawu. Ba kati, ba ƙararrawa, amma kowa ya san littafin da ke bin wani. Lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo a Arewa sun kai 25,000. Saboda haka in an ce iyayenmu sun ƙi boko, kada a ɗauka sun ƙi karatu. Karatu biyu aka ajiye musu, suka zaɓi wanda suka sani.

Boko kuwa ta bakin teku ya shigo. A 1842 Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya sauka Badagiri, aka buɗe makaranta, 'yan CMS suka biyo baya. Nan Badun, David Hinderer da matarsa Anna suka zauna a Kudeti a 1853, suka fara tara yara a gidansu. Darussan ba su da yawa: karatu, rubutu, lissafi, addinin Kirista, 'yan mata a ƙara musu ɗinki. Cikin huɗun nan kuwa na huɗun shi ne uwa, sauran ukun hidima suke yi masa. Ana koya wa yaro karatu ne don ya karanta Baibul da Yarbanci, ya zama malamin coci ko mai koyar da wasu. Ba su ɓoye ba, kuma ni ban ga laifinsu a nan ba, abin da ya kawo su ke nan.

Gwamnatin Turawa ta sa baki da dokar ilimi ta 1882. Ita ba ruwanta da Baibul sosai, akawu take so da tafinta. Sai ta ce makarantar da ke son tallafin kuɗi dole ta koyar da karatu da rubutun Turanci da lissafi, in an so a ƙara nahawun Turanci da tarihin Ingila da labarin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Sufeto ya zo ya gwada yara, gwargwadon waɗanda suka ci gwargwadon kuɗin da za a ba makaranta. Ku lura da wannan, domin daga nan ne Turanci ya hau kujerar da har yau bai sauka ba. Mutanen Ikko sun yi ƙorafi a lokacin cewa an bar Yarbanci a waje. Rigimar da wane harshe za a koyar da yaro, wadda har bana ana yin ta, shekarunta sun haura 140.

Musulmin Yarbawa su suka fara shiga tsaka mai wuya. Ɗanka ya je makarantar mishan, wata rana ya dawo da sabon suna. Ka hana shi zuwa, ɗan maƙwabcinka ya zama akawu shi yana dako. Gwamnati ta buɗe wa Musulmi makaranta a Ikko a 1896, aka haɗa Larabci da addini da Turanci da lissafi, daga baya aka yi a Epe da Badagiri. Amma abin da ya warware musu matsalar shi ne tashi da suka yi da kansu. A 1923 aka kafa Ansar-ud-Deen a Ikko, wasu ƙungiyoyi suka biyo, suka riƙa gina makarantun boko nasu, darussa iri ɗaya da na mishan, sai dai inda ake karanta Baibul su a karanta Alƙur'ani da fiƙihu. Wannan dabara tasu a gaban idon kakanninmu aka yi ta. Mu sai da muka yi shekaru masu yawa kafin mu kwaikwaya.

A can gida kuma wata hanya aka bi daban. Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a saki 'yan mishan cikin ƙasar Musulmi ba, don haka gwamnati da En'e su suka riƙe makaranta. A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano: ajin 'ya'yan sarakuna, ajin malamai, da sashen sana'ar hannu. Da Hausa ake koyarwa, cikin rubutun boko. Lissafi, labarin ƙasa, tsabta, zane, ga malamin addini. Turanci sai an yi nisa, a elemantare ba shi ne abin yi ba, sai wanda ya wuce midil. Da aka ga yara sun iya karatu amma ba abin karantawa, aka kafa ofishin fassara, Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933, aka samu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, daga baya Abubakar Imam ya yi Magana Jari Ce. Wato yaron Katsina ko Zariya da ya yi aji huɗu kacal yana iya rubuta wa ubansa wasiƙa da harshensa, ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. An zargi tsarin da cewa ya jinkirta Arewa wajen Turanci, zargin kuwa yana da ƙamshin gaskiya. Amma ya bar wa Hausa abin da harsuna da dama ba su samu ba.

To mu fa? Mu muna tsakiya, ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko. An ware wa Hausawa Sabo a 1916, jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, goro yana hawa shanu suna gangarowa. Makarantar da ke koyar da Hausa tana can Arewa, wadda ke kusa da mu ta mishan ce kuma da Yarbanci. Mai gida a Sabo ya duba darussan nan ya tambayi kansa, wanne ne zai taimaki yaro a harkar huhun goro ko a kara? Lissafi? Yaron da ya tashi a gaban dillali yana yin sa da ka. Rubutu? Ga ajami, da shi ake rubuta bashi, da shi ake aika wasiƙa Kano. Yarbanci? A bakin titi yake tsintarsa kyauta. Abin da ya rage a jerin sai addinin wasu. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969, ya bayyana yadda cinikin goro da shanu ke tafiya kan amana tsakanin mai gida da dillali da baƙo, da yadda unguwar ta tsaya da ƙafarta ba ta jingina da takardar boko ba. Lissafin dattawan nan daidai ne a zamaninsu. Abin da bai zo a lissafin ba shi ne ranar da kasuwa za ta koma hannun banki da rasit da lauya da takardar fili.

Ranar 17 ga Janairu 1955 gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma, S. O. Awokoya yana ministan ilimi. Yaran da ke firamare suka tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa 811,000 a shekara guda. Aka rage shekarun firamare daga takwas zuwa shida. Darussan lokacin su ne Yarbanci, da littafin Alawiye na J. F. Odunjo wanda duk Bayaraben da ya manyanta zai ba ka labarinsa, sai Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, nazarin tsirrai da dabbobi, tsabta, aikin gona, aikin hannu, motsa jiki, da addini. Kyauta ce, kuma a ƙofar gidanmu aka yi ta, Mokola ga ta ga Sabo. 'Ya'yanmu da suka shiga ba su taka kara sun karya ba. Yaran Yarbawan da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara su ne suka zo suka zama manyan ma'aikata da alƙalai da likitocin da muka yi ta kai wa gaisuwa muna neman alfarma. Wannan kam ba sai an faɗa wa kowa ba.

Bayan 'yancin kai sai aka fara cewa ai darussan nan na Bature ne: yaro ya san kogunan Ingila bai san inda kogin Ogun ya taso ba. A watan Satumba 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhaja a Ikko, aka gayyato har waɗanda ba malaman makaranta ba, aka tambaye su me suke so makaranta ta mayar da 'ya'yansu. Daga wannan taro aka samo Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982. A shekarun nan ne fuskar jadawalin firamare ta sauya. Tarihi da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa aka zuba su tukunya guda aka kira su nazarin zamantakewa, wanda yara ke ce wa soshiyal. An fara gwada shi ne a makarantar Aiyetoro ta ƙasar Egbado tun shekarun 1960. Nazarin tsirrai ya koma kimiyya. Lissafi ma bai tsira ba. Da, rabin wahalarsa fam da sule da kwabo ne: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga sisi ga taro ga ahu, a ce ka raba fam uku da sule bakwai tsakanin mutum biyar. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, kwabo 100 cif, sai wannan babi ya mutu gaba ɗaya, yadi da mil suka ba mita da kilomita wuri. Aka kuma shigo da wani wai shi lissafin zamani, na rukuni-rukuni da da'irori, wanda malamai da yawa su kansu bai zauna musu ba. A 1977 gwamnati ta soke shi.

Mu da muke cikin shekara hamsin da wani abu yanzu, guguwar UPE ce ta same mu. Gowon ya yi shelarta a Sakkwato a 1974, Obasanjo ya ƙaddamar da ita a Satumbar 1976. An shirya wa yara miliyan biyu da 'yan kai, sai ga kusan miliyan uku a bakin ƙofa. Aji ba benci, malami wata 'yan kaɗan aka horar da shi. Amma a lokacin ne dai gidajen Sabo da yawa suka fara sakin yara, domin gwamnati ta karɓe makarantu daga hannun coci, kuma darasin addinin Musulunci ya samu gurbi a jadawali. Gurbi a takarda fa. Ko akwai malamin da zai koyar, wannan wata magana ce. Sau da yawa in lokacin addini ya yi, yaran Musulmi ko dai su zauna su saurari na wasu, ko a ce su fita gindin bishiya.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne Islamiyya, kuma ita ma ɗiyar wannan tarihi ce. Allo ba shi da aji ba shi da jadawali. Islamiyya ta ari benci da allon bango da ƙararrawa da jarrabawa daga boko, ta zuba musu Alƙur'ani da tajwidi, hadisi, fiƙihu, tauhidi, sira da Larabci. A Arewa Malam Aminu Kano da mutanensa sun tsaya mata a shekarun 1950. A nan Kudu Shaihu Adamu na Ilori ya kafa Markaz a Abekuta a 1952, daga baya ya mayar da ita Agege. Mu da muka yi ta mun san daɗinta: a shekara shida ka san hukuncin alwala da dalilinsa, ka iya karanta Larabci mai wasali. Amma ta zo da nata rashin. Allo da rubutun Warshu yake tafiya, shi ne kuma tushen ajaminmu. Islamiyya ta koma bugun Hafsu, yaro ya daina riƙe alƙalamin kara. A hankali ajami ya fita daga hannun yara, boko kuma bai ba su Hausa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Batun harshe kuwa, a nan kusa da mu aka yi gwajin da ya fi kowanne suna. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife ya ɗauki wasu azuzuwa a wata firamare a Modakeke, aka koyar da su komai da Yarbanci shekara shida cur, har lissafi da kimiyya, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi guda. Da aka gwada su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar hanya, sai ga shi ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi. Manufar 1977 ta ɗauki rabin wannan: a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen mutanen wurin, daga baya a koma Turanci. Ta kuma ce yana da kyau kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku, Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da nasa.

Karanta wannan da idon ɗan Sabo. Harshen uwarsa Hausa, harshen mutanen wurin Yarbanci. Doka ta ce "ko", makaranta kuwa ta zaɓi wanda take da malaminsa. Saboda haka yaronmu na aji ɗaya yana shiga ɗaki a yi masa bayani da Yarbanci, littafi da Turanci, ya dawo gida a yi masa faɗa da Hausa, da yamma ya je Islamiyya a biya masa da Larabci. Harshe huɗu a kan yaro ɗan shekara shida. Waɗanda suka jure sun fita da baiwar da ɗan Kano ba shi da ita, shi ya sa duk inda aka je neman tafinta a asibiti ko kotu ɗan Sabo ake kira. Amma da yawa a aji uku suke sarewa, a ce ba su da ƙwaƙwalwa, alhali ba a taɓa koya musu haɗa baƙi da harshen da suke mafarki da shi ba.

Daga 1999 zuwa yau abin ya zama sa-ka-cire. Obasanjo ya dawo ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato, aka yi mata doka a 2004, aka haɗe firamare da ƙaramar sakandare shekara tara. Sabuwar manhaja ta zo da kwamfuta da ilimin zama ɗan ƙasa, Faransanci kuma daga aji huɗu, tunda Abacha ya ɗaga darajarsa a 1996. Tarihi ya ɓace a matsayin darasi mai zaman kansa. Da aka ga kaya sun yi wa yara yawa aka sake gyara, wanda ya fara aiki a 2014, aka cusa addinin Musulunci da na Kirista da soshiyal da ilimin zama ɗan ƙasa da na tsaro ƙarƙashin suna guda. A 2017 ƙura ta tashi, Kirista suna cewa an shafe nasu, Musulmi suna cewa an rage nasu, aka raba su kowa ya koma gidansa. Wannan yana cikin 'yan lokutan da na ga limami da fasto sun yi fushi a kan abu guda. Tarihi aka yi ta shelar dawo da shi, sai a manhajar 2025 aka ce ya zama dole tun daga aji ɗaya. A ƙarshen 2022 gwamnatin Buhari ta amince a koyar da yara da harshen uwa duk shekara shidan firamare, wato maganar Fafunwa bayan shekara hamsin. A ƙarshen 2025 ministan ilimi ya ce an janye, a koma Turanci.

Makarantun kuɗi kuwa, inda yawancin masu hali a cikinmu ke kai yara yanzu, su nasu jerin ya fi na gwamnati tsawo. Darasin furuci daban, na rubutun hannu daban, wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi daban, da lambobi daban. Ni ɗan kasuwa ne, na san dalilin: kowane darasi da littafinsa, littafin kuma a ofishin makaranta ake sayar da shi, an kuma yi shi yadda yaro zai rubuta a ciki don kada ƙaninsa ya gada. Ba na cewa duk banza ne. Amma uba ya sa ɗansa na aji huɗu ya karanta masa shafi guda a bayyane, ya kuma ba shi lissafin canjin dubu biyar, kafin ya yi murna da maki goma sha bakwai.

Yanzu ga inda na ce zan dawo. A duk sauye-sauyen nan, daga Kudeti zuwa bana, ba a taɓa samun lokacin da aka zaunar da yaron Sabo aka koya masa karatu da rubutun Hausa a matsayin darasi na yau da kullum ba. Kakansa yana da ajami. Ɗan uwansa na Kano yana da Hausar boko, har ya rubuta ta a jarrabawar WAEC. Shi ba ko ɗaya. Ku duba saƙonnin da samarinmu ke turawa a waya: ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, kalma uku a manne, ta huɗu Yarbanci. Mujallar nan da kuke riƙe da ita, a gidaje nawa ne yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya karanta wa kakarsa ita ba tare da in'ina ba?

Manhajar gwamnati ba ta hana ba. Hausa tana cikin harsunan da aka yarda a koyar, manhajarta a rubuce take, littattafanta suna nan a kasuwar Kano da Zariya, motar da ke kawo mana albasa da wake za ta iya sauke katan biyu. Malamai ma ba sai an je Arewa ba, kwalejojin horon malamai na tarayya da ke Oyo da Abekuta suna da sashen Hausa. Makarantar gwamnati dai ba za ta ɗauko malami saboda mu ba sai iyaye sun je a ƙungiyance sun nema a rubuce, da sunayen yara da adadinsu. Islamiyyunmu kuwa a hannunmu suke, ba mai ba mu izini. Ranakun Asabar da Lahadi da safe yara suna zaune awa uku zuwa huɗu. Minti arba'in daga ciki, rana guda boko rana guda ajami, ya isa yaron da ya riga ya san baƙaƙen Turanci da na Larabci ya kama rubutun Hausa cikin zango biyu. Kuɗin malamin, in aka raba shi kan iyayen aji guda, bai kai na littafin furuci ɗaya da muke saya kowace shekara ba.